Kwana Uku a Garejin Adoum

Karo na huɗu ke nan Adoum yana kwance bel ɗin injin motar nan. Ya ɗaga shi ga hasken rana, ya bi haƙoransa da babban yatsa. Sabo ne fil, babu tsaga, babu santsin mai. Ya ja dogon numfashi, ya share gumi da gefen rigarsa.

Shekara talatin da biyar yana gyaran mota a unguwar Yelwa, cikin Garwa, kuma da kunnensa ya yi suna. Direbobi kan ce in mota ta shigo garejinsa, kafin ta tsaya ya san ciwonta.

Wannan kuwa motar Hadje Khaula ce, matar marigayi amininsa. Ranar Litinin ta kawo ta tana ƙara kamar akuyar da ake ja mahauta. Tsohon bel ya gama cinyewa, sai Adoum ya sa sabo, ƙarar ta mutu nan take. Hadje ta yi hamdala, don mahaifinta na kwance a Meiganga, tana son ta ɗauko shi zuwa asibiti. Har ta buɗe ƙofa za ta shiga, Adoum ya ɗaga hannu.

Akwai saura. Wani siririn fito, can ƙasa, yana zuwa yana ɓacewa.

"Ni ban ji komai ba, Baba Adoum," in ji ta.

"Ba aikinki ba ne ji, Hadje. Ki bar min ita zuwa gobe."

Ya san hanyar. Ya san hawan dutsen nan kafin Ngaoundéré, inda inji ke nishi, ruwa ke tafasa. In fuli, gargaren ƙarfen da bel ke zagayawa a kansa, ya cije a can, bel ya tsinke, mace ce ita kaɗai a daji, ga tsoho marar lafiya yana jiranta. Ya taɓa sallamar wata mota da ɗan kuka irin wannan tun yana matashi, kuma har yau ba ya son tuna yadda aka jawo ta.

Ya fara da abin da kowa ke farawa. Ya tayar da inji ya fesa wa bel ruwa. In zamewa yake yi, kukan zai sauya. Bai sauya ba. Ya ɗora doguwar sanda a fuskar fulayen ko akwai wanda ya karkace, duka suna kan layi. Ya juya kowanne da hannu yana neman mai gurzawa. Fulin da ke ɗaure bel ya ɗan yi masa sako-sako, ya canja shi.

Fiton bai tafi ba.

Ranar Talata ya dasa bakin sukundireba a jikin altanata mai cajin batir, ya kafa kunne a ƙotar. Kamar daga nan ne. Ya kwance ta ya sa sabon boris, wato ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kansu. Da ya mayar, sai kukan ya koma wajen famfon ruwa. Ya kira Maxime, makaniken da ke ƙetaren titi, ya zo ya saurara. Maxime ya sunkuya, ya daɗe, ya ɗago ya ce inji lafiya ƙalau. Adoum ya yi murmushin gajiya. Makanikan yanzu, sai na'ura ta faɗa musu sannan su yarda.

A gida bai iya cin tuwo ba. Aisatu matarsa ta yi ta magana, sai da ta taɓa kafaɗarsa ya juyo. Ya ce ta yi haƙuri, hankalinsa na kan motar. Aikin da ya ƙi ci haka yake, yakan bi mutum har kan tabarma.

Yau Laraba, zafin Garwa ya kai inda ƙarfe ba ya taɓuwa. Janaretan mai walda na maƙwabta yana ta ruri tun safe. Gadon bayan Adoum ya ƙage. Abu ɗaya ya rage: ya tayar da inji babu bel sam. In fiton ya tsaya, laifin yana cikin fulayen waje. In bai tsaya ba, yana can ciki, sai an buɗe gaban inji gaba ɗaya, aikin kwana biyu.

Bai tsaya ba.

Ya mayar da bel yana jin kamar ya zauna a ƙasa. Daidai nan Hadje Khaula ta sauko daga bayan babur, idanunta jajur.

"An kira ni daga Meiganga. Jikin ya tsananta." Sai da ta maimaita, ta ɗaga murya, sannan ya gyaɗa kai. "Baba Adoum, don girman Allah ka ba ni motata."

"In na ba ki ita haka, me zan ce wa mijinki gobe ƙiyama? Shiga ki tayar. Zan sa ki ji da kunnenki."

Ta shiga ta murza makulli. Adoum ya ja da baya taku biyu, ya harɗe hannu a ƙirji, ya rufe ido kamar yadda ya saba in yana farautar sauti. Ya ware rurin janareta gefe, ya ware hayaniyar babura. Ya jira. Ya daɗe yana jira.

Sai ga shi, siriri, tsaf, ya fi kowane lokaci fitowa.

"Yawwa! Kin ji shi? Ga shi nan, yanzu haka!"

Ya buɗe ido. Hadje Khaula na tsaye a gabansa tana kallonsa da tausayi, ta riga ta kashe injin, makullin motar kwance a tafin hannunta, bel ɗin tsaye cik ba ya motsi, fiton kuwa yana nan yana ci gaba a cikin kunnensa.