Baƙin Man Maƙwabci

Ranar da maigidana ya sayo babur, ya zo da robobin baƙin mai iri biyu ya ajiye gaban mahaifinsa, yana tambayar wanne zai riƙa zubawa. Ina gefe ina tsince shinkafa, sai na ji Baba ya ba shi wannan misali.

Wai akwai wani mai kai tumatir kasuwa daga fadama a kan tsohon babur. Babur ɗin ya sha jiki, amma bai taɓa kwana a hanya ba, don mutumin ya riƙe mai ɗaya, mai kauri, irin na babura, kuma ba ya wasa da juyen mai. Maƙwabcinsa kuwa sabuwar mota gare shi, man da yake zuba mata a galan mai ruwan zinariya yake zuwa, garai-garai kamar man gyaɗa. Kullum mai tumatir in ya ji motar nan ta tashi ba ko tari, sai ransa ya biya. Rannan maƙwabcin ya yi juye, saura ya rage, ya miƙa masa don zumunci. Mai tumatir ko gida bai shiga ba, ya tsiyaye nasa ya ɗura wannan. Da farko har murna yake, wai ƙarar injin ta yi laushi. Ana nan, ya ɗauro kwanduna uku zai cim ma manyan motoci kafin su gama lodi, da ya zo hawan tudu ya murɗa, injin ya yi ta kururuwa, taya ta ƙi ja. Ashe man mota santsi ne da shi, kulocin babur kuwa a cikin man yake kwance, sai ya yi ta zamewa ya kasa kamawa. Ga rana ta take, ga tumatir ya fara tsiyaya ta gindin kwando.

Haka ya tura babur ɗin har gindin bishiyar bakanike, gumi sharkaf. Bakaniken ya lakaci man ya murza, ya ce, "Mai dai mai kyau ne, Malam, sai dai ba na dokinka ba ne." Ya zubar, ya wanke, ya mayar masa da irin nasa na da. Babur ya hau tudu kamar ba shi ba. Kwando ɗaya ya lalace, biyu suka shiga mota, aka ci tuwo a gidansa ran nan. Bai ji haushin maƙwabcinsa ba, don shi ma bai sani ba, amma daga nan ko an yi masa tayi sai ya yi godiya ya wuce.

Baba ya tura wa maigidana robar da ke da hoton babur, ya ce ɗayar a kai wa mai mota. Dama Hausawa sun ce, ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.