Dariyar Sallau

Shekarar da babban kamfanin nan ya haɗiye duk gidajen shirya finafinan katun na yara, Sallau tela ya sayar musu da dariyarsa. Yanzu wata kura ce ke yin ta a talabijin. Shi kuwa in ya kuskura ya yi ta a waje, na'urar da ke kan turakun wuta za ta ji, a zo a rufe masa shago.

Ran Juma'a da hantsi ya kai ɗansa Mudi gaida kaka. Suka tarar da Inna a ƙofar gida tana tsintar wake, ga turken wuta a bayanta.

"Ga maigidana!" in ji ta. "Ina cefane? Miji ba ko hula, kai kamar ƙoƙo? Na fasa auren!"

Mudi ya ƙyalƙyale da dariya. Sallau ya ɗaga kai ya dubi turken wutar. Dariyar yaron irin tasa ce sak, har da 'yar shaƙuwar nan ta ƙarshe.

"Inna, don Allah ki bari."

"In bar me? Ni da jikana?"

"Na'urar ba ta san yaro ba, Inna. Dariyar kawai ta sani."

Mudi ya ja numfashi zai sake. Sallau, da bai taɓa ɗaga wa yaron nan hannu ba, ya sunkuya ya mintsine shi a cinya. Yaron ya fashe da kuka yana kallon ubansa. Sallau ya ɗauke shi ya rungume.

"Yi kukanka, Babana," ya ce a hankali. "Wannan ba su saya ba."