Giyar da Ta Zagi Miyar Suruka

Frane ya durƙusa gaban surukarsa, hula a hannu.

"Mama, ki yafe. Ba ni na kira miyarki ruwan wanki ba, giyar 'ya'yan itacen ceri ce. Kofi uku na sata daga kwalbar Tonka da ke shan rana a taga."

Tsohuwa ta fara saukowa. Ai a garin Zadar ba a riƙe maganar mashayi.

Sai ga matarsa Tonka rungume da tulun barasa.

"Matsa, maigida. Sai yau 'ya'yan ceri suka cika kwana arba'in a rana cikin sukari zalla, yanzu zan zuba musu barasar. Ruwan sukari ka sha kake tangaɗi."

Tsohuwa ta gyara zama. "To, ɗana, me kuma sukarin ya ce?"