Musafahar Sallau Wanzami

Tun shekarar da annoba ta ƙi tafiya, kowa a garin yake sanye da safar hannun hukuma, wadda ba ta buɗewa sai ranar zaɓe. Ran nan kaɗai ake musafaha, sau ɗaya tak, kuma ɗan takarar da ka ba hannu shi ka zaɓa.

Sallau wanzami ya bi layi da hantsi, tafinsa yana shan iska. Shekara bakwai ke nan bai taɓa kan mutum ba, asakensa na barci a zabira. Ɗan takararsa ya yi alkawarin sakar wa wanzamai hannu.

Sai ya hangi amininsa Tanimu mai shayi a ɗaya layin, ya rame har hula ta yi masa yawa. Sallau ya bar layinsa, ya je ya miƙa masa hannu.

"Sallau, kada ka ɓata mana ƙuri'a," in ji Tanimu.

"Kai dai miƙo."

Tafin Tanimu na da ɗumi irin na kofin shayinsa na da. Safar ta rufe ƙit. Sallau ya kai hannu ƙirji yadda aka saba, bai sauke ba har gida.