Ɗiban Wuta

Tun da gwamnati ta saki kasuwar lantarki, kowane rufin gida a Funtuwa ya zama gonar sola. Rana ta fito, mai gida ya girbi wuta, ya sayar wa wanda ya ga dama. Rufin su Ladidi kuwa tuni mijinta ya sayar wa wani kamfani. Shi ya sa da hantsi, da na'urar numfashin mahaifiyarta ta fara kukan ƙarewar caji, Ladidi ta ɗauki batirin nan da ake ce wa kasko ta shiga gidan maƙwabciyarsu, Iya Tasalla.

"Iya, wuta na zo ɗiba."

Tsohuwar ta karɓi kaskon ta jona a bango. Ladidi ta soma kwance bakin zane.

"Kul," in ji Iya. "Tun zamanin garwashi, kin taɓa jin an sayar wa maƙwabci wuta? Rufin nan nawa ne, ban sa wa kowa hannu ba. Zauna ya cika."

"Allah ya saka da alheri, Iya."

Ladidi ta juya za ta zauna gindin mangwaron tsakar gida, inda ta saba. Kututture ta tarar, saran ɗanye.

"Kamfanin rufinku ne ya kai ƙara," in ji Iya. "Wai inuwata tana cinye musu rana."

Ladidi ta sunkuyar da kai. Da kaskon ya cika, Iya ta ɗora mata shi a hannu, da ɗuminsa.

"Maza, tsohuwarki na jira. Tun da suka sare shi ma, rufina ya fi kama rana. Gobe ki dawo."