Gogen Malam Brennick a Bayan Labule

Ƙa'idar gidan ce: duk mai neman kujera a ƙungiyar makaɗan birnin, a bayan labule zai yi kiɗa. Ba suna, sai lamba. Ba magana, ko tari ba a so. Takalma ma a ƙofa ake cire su, don kada ƙarar dunduniya ta gaya wa alƙalai mace ce ko namiji.

Malam Brennick, shugaban masu goge, ya shekara talatin yana zama gaban labulen nan, amma bai taɓa jin haushinsa kamar bana ba. Kujera ɗaya ce tak, kuma Noemi Kaszuba ta sa suna.

Tana 'yar shekara tara ya ɗora mata goge a kafaɗa. Shekara takwas yana gyara mata yatsu da baki, in bakin ya gaji ya gyara da sandar gogen. Tana sha bakwai ta tattara ta koma wurin wata malama a birnin Montreal. Can ta ci gasa biyu, jaridu suka yi ta buga hotonta, ko sau ɗaya ba ta ambaci sunansa ba. Abin ya tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi.

Ranar rajista suka yi kiciɓis a matakala. Bai amsa gaisuwarta ba.

"Butulu," ya ce. "Muddin ina numfashi, ba za ki zauna a ƙungiyata ba."

"Ai labule ne zai yanke hukunci, Malam."

"Ido labule yake rufewa, yarinya. Ba ya rufe kunne."

Da gaskiyarsa. Ya san gogenta kamar yunwar cikinsa: tsohon gogen kakanta ne, tsirkiyarsa mai kauri tana da wata 'yar dishewa da babu gyaran da ya iya cire ta.

Kuma yana da nasa ɗan takarar. Emmett Dray, ɗalibinsa, saurayi shiru-shiru mai tabon sandar Malam a gaɓoɓin yatsu, wanda a da benci ɗaya suke zama da Noemi suna jiran a kira su. Saura kwana uku, Malam ya miƙa masa gogensa na kansa, tsohon ƙirar Italiya da ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba.

"Da wannan za ka shiga. Ko cikin dubu zan gane muryarsa. Basira dai ba ka da ita, amma kana jin magana."

Emmett ya karɓi gogen, ya kalli yatsunsa.

"Za ka ji shi, Malam," ya ce.

Rana ba ta ƙarya. Alƙalai biyar, har da Malam, suka jera da takardunsu, aka fara kira.

Lamba huɗu na jan sanda, dishewar ta fito. Malam ya ji wani mugun daɗi, domin kiɗan ma a ɗarare yake, kamar mai tsoron duka. Ashe Montreal ta gama da ita! Ya zana sifili, ya danna har biron ya huda takarda.

"Hannun katako," ya raɗa wa na kusa da shi. "Ko a titi ba zan tsaya wa wannan ba."

Lamba tara kuwa, tun sautin farko ya gane kayansa. Gogen ya buɗe murya yadda ya shekara ashirin bai yi a hannun mai shi ba. Kowane ja, kowace matsa ta yatsa, koyarwarsa ce tsaf. Bai taɓa zaton ragon yaron nan yana da wannan a cikinsa ba.

Alƙalai biyu suka ce su lamba shida ta fi kwanta musu. Malam ya buga tebur.

"Kunnuwanku na ado ne? In ba ku ɗauki tara ba, ku nemi wani shugaban yau ɗin nan!"

Suka sakar masa. Shi ya fara sa hannu, kuma a gidan nan in an sa hannu an gama, ko sama da ƙasa za su haɗu.

Aka kira lamba tara, aka ja labule. Malam ya miƙe yana murmushi, ya riga ya miƙa hannu.

A tsakiyar dandamali Noemi ce tsaye da safa, gogensa a hannunta. Can bakin ƙofa Emmett, mai lamba huɗu, yana ɗaura takalmi, tsohon gogen kakanta rataye a kafaɗarsa.