Waƙar da Aka Kai Kasuwa

A bayan cocin Katolika na Goronyo, Istifanus makaɗin piyano ya tare Rahila, shugabar mawaƙa, ya miƙa mata zobe. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Jiya a kasuwa na ji waƙarka da munka binne Baba da ita, ana yabon ɗan takara da ita. Wa ya ba su?"

Ya sunkuyar da kai. "Kiɗin kawai na sayar, don aurenmu."

"Kiɗin kawai? Inna na sayen albasa ta ji shi, ta yi alamar gicciye, samari na rawa gefenta."

"To mi zan yi?"

"Ran Lahadi ka kaɗa ta, Inna na layin gaba. In ka iya kallonta har ƙarshe, kawo zoben."